Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta ɗalibai masu ƙira da koyi da halittu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton shekara nan, na san ya makara, kuma kafin wani ya tambaya dalili shi ne sau uku ina roƙon shugabannin kwamiti su turo min nasu ɓangaren, in banda kwamitin tukunyar sanyaya kayan gwari ba wanda ya turo ko layi ɗaya, don haka abin da na sani shi na rubuta.

Mitin na wata-wata mun yi shi, sai lokacin jarabawa da azumi da aka ɗaga.

Maganar kuɗin wata kuwa wallahi na gaji. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba, kuma kusan fuskokin bara ne dai. Kuɗin nan ko datar sati bai kai ba, amma in na yi wa mutum magana sai ya ce "zan turo anjima", anjimar nan tun zangon farko ba ta zo ba. Wasu in sun hango ni a bakin dipatmen sai su canza hanya kamar bashin kaina nake bi. Ni ba albashi ake biyana ba fa, ma'aji ma haka, sau biyu yana cika kuɗin mota daga aljihunsa.

Rashin biyan nan ne ya kashe aikin yin gawayi da ciyawar kachalla, tunda na ji ana ta ƙorafi a guruf wai kwamiti ya yi barci. Kwamiti bai yi barci ba. Kun san dalilin da ya sa muka zaɓi aikin: kachalla ta cinye fadamun Haɗeja da Nguru, tana toshe hanyoyin ruwa tana hana masunta da manoman shinkafa sakat, ga jan baki na kwana a cikinta, to muka ce abin da ya zama annoba a can me zai hana ya zama makamashi a rage sare itace. An samo busasshiyar kachallar, an ƙona ta a durom an daka, an kwaɓa da kokon rogo, har nan lafiya. Matsewa ce ta gagara. Da hannu muka dunƙula, suna bushewa suna rugurgujewa, dole sai injin matsi, mai walda ya faɗi kuɗinsa muka ba da kafin alƙalami da niyyar cikawa in an biya kuɗin wata, ba a biya ba, kafin mu koma ƙarfe ya ƙara tsada. Sai damina ta sauko, buhu biyu na garin gawayin suka jiƙe a baranda saboda wanda aka ce ya shigar da su bai zo ba. Ba zan kama suna ba, ya san kansa.

Ɗakin suri ma bai ƙarasa ba, amma shi uzurinsa daban. Niyyarmu mu gina ɗan ƙaramin ɗaki na laka mai ƙofofin iska a ƙasa da mafitar zafi a sama, irin dabarar da Mick Pearce ya ɗauko daga ginin gara ya yi cibiyar Eastgate a Harare ta Zimbabuwe, wadda aka buɗe a 1996, inda iskar dare ke sanyaya ginin, zafin rana kuma ya fice ta bututun sama. Zane yana nan an gama, tubali ma an buga, wurin da za a kafa ne har yau muna jiran amsar takardarmu. Ni dai a ganina tun farko mun ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu a shekara ɗaya, na faɗa a mitin aka ce ina karya gwiwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya wanke mana zuciya, wato ranar baje koli. Alhamdu lillahi. Duk wanda bai zo ba gaskiya ya yi asara. Kwamitin tukunya, waɗanda yawancinsu mata ne 'yan aji biyu, sun fitar da mu kunya. Sun ɗauki firijin talaka na Malam Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya ci kyautar Rolex a 2000, ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwa na tsattsafowa ta jikin babbar yana bin iska yana tafiya da zafin, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. A gwajinsa yalo da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Abin da 'yan uwanmu suka ƙara shi ne sun ɗora tukunyar a kan gammon kaba mai ƙafafu don iska ta zagaye ta har ta ƙasa, suka saƙa mata murfi na kaba da buhun algarara a ciki, sannan sati guda kafin ranar suka raba tumatir da alayyahu kashi biyu, rabi a tukunya rabi a faranti. Ranar ba sai an yi dogon bayani ba, na faranti ya yamutse na tukunya kamar yanzu aka tsinko.

Masu kayan gwari da muka gayyato daga kasuwa su suka fi kowa tambaya. Wata dattijuwa ta sa hannu a ciki ta daɗe ba ta cire ba, ta ce ai randar kakarta ce aka yi wa kishiya, aka yi ta dariya. Wani kuma ya tambaya ko tana aiki da damina, kuma na ji daɗi da ƙanwarmu ta gaya masa gaskiya cewa in iska ta yi laima sanyin raguwa yake, ta fi amfani da bazara da hunturu. Teburin yara ma ya cika, an ba su ƙarangiya da maɗaurin takalmi na Velcro su duba da madubin ƙara girma, aka ba su labarin George de Mestral ɗan Suwizalan da ya ƙirƙiro Velcro bayan ya lura da irin wannan ƙaya a gashin karensa a 1941. Malaman da suka leƙo da niyyar minti biyar sai da aka kira la'asar suna nan.

Abin haushin, mutum nawa ne suka ɗauki kujeru da tukwanen nan? Ana gamawa sai ga hotuna a sitatus na mutanen da ban gani ba tun ranar rajista, har da rubuta "ƙungiyarmu". To madalla, ƙungiyarku ce, ku zo ku biya.

A mitin mai zuwa za a yanke shawara ko a ci gaba da gawayin ko a karɓo kafin alƙalamin a ƙara tukwane, ni na fi son na biyu. Za a kuma karanta sunayen masu bashi, shugaba ya amince, kada wani ya ce ba a faɗa ba. Kuma don Allah wanda ya ari ma'aunin zafi ranar baje koli ya dawo da shi, ba namu ba ne, aro muka yi.

Sakatare