A duba azuzuwan zana a makarantun Islamiyya

Malam Edita, assalamu alaikum.

A unguwarmu Talladje, nan Yamai, wata Islamiyya mai zaman kanta ta sauke wa iyaye nauyi. Yara suna wuni can, ga Alƙur'ani da Larabci, ga Faransanci da lissafi, irin tsarin da madarsar garin Say ta soma a 1957. Mun yaba.

Sai dai ajin ƙanana har yau na zana ne, mai tuyar ƙosai kuma ta girka murhunta dab da shi. Wa ya manta gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021, wadda ta ci yara kimanin 20? Kuɗin wata dai ana karɓa, ba fashi. Muna roƙon ma'aikatar ilimi ta turo masu dubawa, a sa masu makarantar su gina na bulo kafin iskar hunturu ta taso.

Wani uba, Talladje, Yamai