Haruffan kanun shafin kwalliya na buƙatar gyara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na shafe shekaru ina aikin tsara shafukan mujallu, har idona ya saba da faɗawa kan siffar harafi kafin ya kai ga ma'ana. Shi ya sa na yi murna da kuka koma rubuta kanun shafin kwalliya da haruffan italik, masu kishingiɗar nan da siraran ƙafafu. Suna dacewa da hoton tufafi, domin lanƙwasarsu irin ta yadi ce idan ya zubo daga kafaɗa.

Amma da na ɗora gilashin ƙara girma a kan kanun makon jiya, sai na ga ba italik na ainihi ba ne. Haruffan tsaye ne aka sa kwamfuta ta ture su gefe. A na ainihi, "a" kan zama dunƙule guda kamar yadda hannu ke rubuta ta, "f" kuma ta zuro wutsiya ƙasan layi. A naku "a" tana nan da rumfarta, "o" ta motse kamar an taka ta. Italik tun asali zana shi ake yi harafi bayan harafi. Francesco Griffo ne ya sassaƙa na farko don maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Benis na ƙasar Italiya, yana kwaikwayon rubutun hannun masana na Italiya, aka buga waƙoƙin Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, da shi a 1501.

Salon da kuke nema, mai kauri a gefe guda da siririn zare a ɗaya gefen, na gidan Didot ne, masu maɗaba'a a Faransa, da Giambattista Bodoni na birnin Parma a Italiya, tun ƙarshen ƙarni na 18. Irinsa ne a sunan mujallar Vogue. Kyansa yana cikin zaren nan, rauninsa ma haka. Lokacin da mai zana haruffa Jonathan Hoefler ya zana wa mujallar Harper's Bazaar nata salon Didot ɗin a 1991, kowane girman rubutu da nasa zanen, don kada zaren ya ɓace idan an ƙanƙanta. Ku kuwa a bayanin hoto kun sa shi ƙanana, farare, a kan hoto mai duhu, takardar jarida ta sha tawada ta haɗiye shi. Sai da na karanta bayanin hoton sau uku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar "ɗinki". Harafin ɗ ya fito a miƙe, mai kauri, daga wani salon dabam, domin wanda kuka zaɓa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Da yawa daga cikin kyawawan salon nan haka suke. Kafin ku ɗauki kowanne, don Allah a buga ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, a fitar da su a takarda a duba. Italik ɗin a bar shi ga manyan kanu, bayanin hoto kuma a ba shi harafi mai jiki.

Wassalam,
Mai karatunku, mai tsara shafi