Masu tireda su rage kaya su san inda jarinsu yake

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da masu tireda da ƙananan kantunan unguwa kan abin da ke cinye musu jari ba su ankara ba, wato tara sana'o'i barkatai a shago ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ciniki ya yi sanyi, sai kowa ya ɗauka ƙarin kaya ne magani. Ga kayan masarufi, ga POS, ga cajin waya, ga takalma rataye a ƙofa sun yi ƙura. Da daddare aljihun tebur cike da kuɗi, amma mai shago bai san wanne ne na POS ba, wanne ne uwar kuɗin sukari. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

A duba wannan lissafi. Naira 100,000 da aka zuba a taliya, sukari da man gyada, idan tana juyawa duk mako da ribar kashi 5 cikin 100, za ta kawo 5,000 a mako, wato 65,000 a makonni 13. Idan turare ko takalma aka saro da ita, ribar kashi 20 amma sai wata uku kayan su ƙare, 20,000 kawai za a gani. Yawan juyawa shi ke ciyar da shago, amma ido ya fi ganin riba mai tsoka, shi ya sa ake ruɗuwa.

Gyaran ba ya bukatar kwamfuta. A sami littafi, a rubuta sunan kowane kaya a layinsa, duk wanda aka sayar a ja masa sanda, har kwana 30. Kayan da suka fi tara sanduna su ne shagon, su za a fara sarowa idan an shiga kasuwar Singa. Wanda ya yi kwana 60 bai motsa ba a karya farashinsa, ko da a uwar kuɗi ne, a fitar da shi. Nan ne mutane ke cijewa, suna jiran ranar da zai kawo riba, har madara ta wuce wa'adinta, ɓera ya huda buhu, zafin Afrilu ya narkar da alewa.

Sai kuɗi. Na POS ya zauna a jakarsa da asusunsa daban, kada a ciri ko sisi a sayo kwalin sabulu da niyyar mayarwa gobe, domin ba a mayarwa. Mai shago ya yanka wa kansa kuɗin cefane na kullum, adadi ɗaya. Bashi kuma a sa masa iyaka: kada jimillar abin da ke waje ta wuce kashi 10 na jari, kuma wanda bai biya na baya ba kada a buɗe masa sabon shafi, ko ɗan uwa ne. Mun san wannan da nauyi a unguwa, amma shagon da ya rufe ba ya taimakon kowa.

Sai dai kada a wuce gona da iri wajen ragewa. Ashana, gishiri da dunƙulen miya ribarsu kaɗan ce, amma su ke kawo yaron da aka aiko, kuma idan bai samu ba, shagon gaba zai kai kuɗin shinkafar ma.

Wassalam,
Wasu masu duba lissafin ƙananan 'yan kasuwa, Kano