Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan 'yan mishan da masu ƙanjamau

Ɗan'uwana, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A bainar jama'a ka tambaye ni: 'yan mishan da ke shiga unguwannin marasa galihu suna jinyar masu cutar ƙanjamau, don Allah suke yi, ko tarko ne na raba mutane da addininsu? Tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa, ni da aikin jinya ya nuna mini yadda cutar nan ke cin mutum.

Ka tuna yadda ake kafin magani. Sai a 1996 aka samu haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, kuma an daɗe kafin su iso hannun talaka. A unguwa irin Kibera ta Nairobi, mara lafiya na kwance a ɗakin langa-langa, gudawa da tarin fuka sun mayar da shi ƙashi da rai, maƙwabta na gudunsa, wani ma danginsa sun ware masa kwano. Sau da yawa waɗanda suka leƙa ɗakin nan sistocin coci ne da 'yan sa-kai. Tun a 1985 Mother Teresa, wata sistar Katolika, ta buɗe wa masu cutar gida a New York, lokacin da mutane ke tsoron ko taɓa su. A 1992 Fada Angelo D'Agostino, wanda likita ne, ya kafa gidan Nyumbani a Nairobi don yaran da aka yasar saboda cutar. Daga nan aka samu shirin Lea Toto a 1998, mai bin yara har gidajensu.

Bin nan shi ne wuyar aikin. Maganin nan kullum ake sha, har ƙarshen rai. To, mutumin da ba shi da tsayayyen adireshi, yau an kore shi saboda kuɗin haya, gobe ya tashi ba abin kai wa baki, yana kuma ɓoye kwalbar don kada a gani, wa zai lura ya daina sha? Wadda ta san lungunsa ce kawai. Idan ya dage har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba zai shafa wa matarsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsoronka kuma ban raina shi ba. Duk inda aka ce sai mara lafiya ya zauna wa'azi kafin a ba shi magani, zalunci ne, ko wane ne ya yi. Mai ciwo ba shi da ƙarfin cewa a'a. Ina kuma da saɓani da Cocin Katolika kan ƙin raba kwaroron roba, musamman ga ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da cutar. Amma zuciyar mutum Allah kaɗai ya san ta. Abin da za mu iya aunawa shi ne ko an gindaya sharaɗi.

Abin da ya fi hana ni barci daban ne. Da yawa daga cikin asibitocin mishan da kuɗin PEPFAR suke tafiya, shirin yaƙi da ƙanjamau da Amurka ta fara a 2003, kuma a Janairun 2025 ta dakatar da tallafinta na ƙetare. Ranar da sista ta rufe ƙofa, wa zai karɓa?

Ka sa rana mu je tare. Ka keɓe da marasa lafiyar, ba ni ba sista, ka tambaye su ko an taɓa neman wani abu a wurinsu kafin a ba su magani.

'Yar'uwarka,
wata ma'aikaciyar jinya