A Buɗe Wa 'Ya'yan Ƙananan Ƙabilu Ƙofar Aiki a Zariya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan matasan ƙananan ƙabilu da aka haifa a Zariya, irin su Nufawa da Gwarawa da Bajju, waɗanda kakanninsu suka zauna a Sabon Gari da Samaru tun zamanin jirgin ƙasa.

Ɗan maƙwabcina Banufe ne, a nan aka yanke cibiyarsa, Hausa ce a bakinsa, kuma yana da difloma a fannin lantarki. Duk inda ya kai takardunsa sai a ce ya kawo shaidar asalin ƙaramar hukuma, daga garin da sau biyu kacal ya taɓa takawa. Yau yana zaune ƙarƙashin lema a bakin titi yana cajin waya, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali.

Ina kira ga hukumomi da masu masana'antu su riƙa karɓar shaidar zama wajen ɗaukar ma'aikata da masu koyon sana'a, a kuma riƙa sanar da guraben a masallatai da coci-coci.

Naka,
Wani mazaunin Samaru, Zariya