Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Noma na Jihar Jigawa: Kanwar da Ke Tasowa a Gonakin Rani

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, zan yi maka magana ne kan abin da masu noman rani a ƙasar Haɗeja da Auyo suka sani da idonsu. Idan zafin Maris ya kama, ruwa ya ƙafe a fangali, a wasu gonakin sai ka ga farin ɓawo ya kwanta a bakin kunya kamar an barbaɗa gari. Manomi ya ce kanwa ta taso. Shinkafar wurin ba ta yin tsayi, bakin ganyenta ya ƙone, a zuba taki har buhu ya ƙare ba ta motsa ba. Ruwan ban-ruwa ne ke zuwa da ɗan gishiri, rana ta kwashe ruwan ta bar gishirin, shekara bisa shekara, musamman inda magudana ta toshe.

Amma wannan ƙasar da amfanin gona ya ƙi, ba matacciya ba ce. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani waɗanda nan ne gidansu. Ruwan teku gishirinsa kusan kashi 3.5 ne cikin ɗari, na Tekun Gishiri da ke gefen Jodan ya haura kashi 30, kuma har a can ana samun su. Gishiri yakan zuƙe ruwan jikin kowace ƙwaya, shi ya sa muke adana nama da kifi da shi. Su kuwa sun san dabara. Wasu suna tara sinadarin fotasiyam a cikinsu har ya yi daidai da gishirin waje, wasu suna ƙera wani sinadari na kansu da ke riƙe musu ruwa. Masu sana'ar fata ma sun san aikinsu ko da ba su san sunansu ba: jan tabon da ke fitowa a kirgin da aka yi wa gishiri ya daɗe a jibge cikin zafi, har farashinsa ya faɗi, su ne.

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da su kuɗi. A 1985 masana a Jamus suka gano sinadarin ektoyin, ɗaya daga cikin sinadaran nan masu riƙe ruwa, a jikin wata bakteriya da aka ɗebo daga tafkunan kanwa na Wadi Natrun a Masar. Yau ana sa shi a man shafawa da maganin ɗiga wa ido da na hanci. A Sin ana amfani da bakteriyar Halomonas wajen yin robar da ke ruɓewa a ƙasa, kuma tunda cikin ruwan gishiri take girma, wasu ƙwayoyin ba sa iya shiga su ɓata aikin, sai kuɗin tsabtace tukwane ya ragu. Ba sai mun je nesa ba: matan Kanumbu a yankin Kanem na Chadi tun kaka da kakanni suke kwasar koren gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya a yashi, su yi miya da shi. Shi ne sifirulinar da ake sayarwa a kwalba da tsada a Turai.

Abin da ya fi shafar mu shi ne ƙwayoyin da ke zama a jikin saiwar tsiro. Ka duba ciyawar da ta rayu kore shar a tsakiyar farin ɓawon nan. Sau da yawa akwai bakteriya a saiwarta da ke rage mata wahala: wasu suna fitar da yauƙi da ke kama sinadarin sodiyam na cikin gishiri kafin ya shiga saiwa, wasu suna rage sinadarin etilin da tsiro ke fitarwa idan ya matsu, wanda shi ke tsayar da girman saiwa. Ana iya ware su, a raina, a cuɗa da irin shinkafa ko alkama kafin shuka.

Kada a ɗauka ina tallar magani ne, ranka ya daɗe. Waɗannan ƙwayoyi ba sa cire gishiri daga ƙasa. Sai an yashe magudanai, an wanke ƙasar da isasshen ruwa, an zuba jifsam, wani farin ma'adini mai sassauta ƙasa, inda kanwa ta daskarar da ita. Duk wanda ya zo da kwalba ya ce ta wadatar, damfara ce. Kuma ƙwayar da aka raina a ƙasar sanyi ba lallai ta jure zafin Afrilunmu ba. Tamu ce ya kamata mu nema.

Muna da masu nemanta. Akwai ɗaliban ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin tarakta goma ba a ganina. A fara auna gishirin gonakin rani, a san inda abin ya yi tsanani. A ba ɗalibai tallafi su ɗebo ƙasa da saiwa daga wuraren, a sama musu firiza mai aiki da sola, domin ɗauke wuta na kwana ɗaya na iya kashe ƙwayoyin, wahalar shekara ta tafi a banza. Gwajin kuma a yi shi a gonar manomi, fangali da fangali, malamin gona na tsaye, ba a tukunyar ɗakin bincike kaɗai ba.

Sannan a rubuta tun yanzu cewa duk abin da aka ɗebo mallakar jiha ne. Kenya ta ga haka: an ɗebi ƙwayoyi daga tafkunan kanwarta, wani kamfanin Amurka ya fitar da sinadarin koɗar da wandon jins daga jikinsu, sai a 2004 hukumar kula da namun dajin ƙasar ta tashi neman haƙƙinta, bayan kaya sun daɗe a kasuwa.

Ina fata za a sa wannan aiki cikin kasafin ma'aikatarka kafin noman rani mai zuwa, don a yi awon farko lokacin da ɓawon yake fili.

Wassalam,
Wani malamin ilimin halittu, kuma manomin rani, daga ƙasar Auyo.