A daina ɗaga tsofaffin motoci sama barkatai

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a bani fili in yi magana da 'yan uwana masu tsohuwar Land Cruiser da Hilux a nan Kaduna, musamman masu shiga ƙauyuka da damina.

Yanzu yayi ake, kowa sai ya je kasuwar Panteka ya sayo dogon sifirin ya ɗaga mota sama amma ya bar tsohon shokazoba ɗin da ya gama zubar da mai, bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, duk ya tsage, to wallahi wannan ganganci ne, ka sha kwana da gudu sai ka ji motar tana neman kifewa. In za ka ɗaga, inci 2 ya wadatar, kuma ka canja shokazoba daidai tsawon sifirin, a duba tiyon birki kar ya ɗame, sannan a yi alaimen, wato a daidaita saitin tayoyi.

Ni kam giris ɗin farfela, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyi daga giya, da juyen baƙin mai a ƙofar gida nake yi. Sai dai don girman Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, a sa mata ƙarfen tokare tukuna.

Naku,
wani mai karatu daga Rigasa, Kaduna